Wasan Foka da Albashin Malami: Rabin Gaskiyar da Ke Cinye Gida



Shekara shida ke nan nake riƙe da littafin adashin makarantarmu. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan littafi ya san yakan nuna halin da gidaje ke ciki fiye da yadda masu gidajen za su faɗa da bakinsu. A zangon karatun da ya wuce, wani ƙanenmu a wurin aiki, matashi mai hazaƙa wanda yara ke son darasinsa na lissafi, ya fara jinkirin zubi. Wata na farko ya ce jinya ce, wata na biyu ya ce kuɗin haya, a na uku kuma ya roƙi a ba shi kwasa tun layi bai zo kansa ba. Da na zaunar da shi a gindin darbejiya bayan an tashi yara, sai ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wani koren tebur da katunan karta a jere. Ya ce, "Yaya, wallahi wannan ba irin cacar ƙwallon da yara ke yi ba ce. Foka ake ce masa, wasan lissafi ne da kaifin ƙwaƙwalwa. A Amurka akwai waɗanda ba su da wata sana'a sai shi. Ni dai sa'ata ce ba ta zo ba tukuna."

Na lura a numfashi ɗaya ya fara da lissafi ya ƙare da sa'a, amma ban tanka masa a kan haka ba. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in tuna masa hukuncin caca a addini, sai na ga ai tun yana Islamiyya ya san wannan, kuma sanin bai hana shi ba, domin ya riga ya yi wa kansa fatawar cewa abin da yake yi ba caca ba ne. Saboda haka na ɗauki makonni ina bin diddigin wasan, tarihinsa da lissafinsa da dokokin da ƙasashe suka yi masa. Na tarar akwai gaskiya a maganar ƙanen namu, lallai akwai ƙwarewa a wasan foka. Sai dai rabin gaskiya ce, kuma ita ce ƙugiyar da ta fi saurin kama mai ilimi irinmu. Ra'ayina shi ne, ko da an jingine batun addini na ɗan lokaci, lissafin wasan kaɗai ya isa ya nuna cewa mai jiran albashi ba shi da abin nema a wannan tebur, kuma reshenmu yana da aikin yi a kan lamarin.

Yadda ake yin wasan

Karta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, amma foka yana da nasa tsari. Ana yin sa da cikakkiyar karta mai kati 52, iri huɗu, kowane iri kati 13. Salon da ya fi yaɗuwa a yau, a gidajen caca da kuma intanet, shi ne wanda ake kira Texas Hold'em. Ana raba wa kowane ɗan wasa kati biyu a kife, shi kaɗai ke ganinsu. Daga nan a buɗe kati biyar a tsakiyar tebur daki-daki: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Kowa zai duba nasa biyun da na tsakiya ya fitar da biyar mafi ƙarfi. Kafin a buɗe komai, da kuma bayan kowace buɗewa, ana zagayen zuba kuɗi. Ko dai mutum ya biya daidai abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Wanda ya rage shi kaɗai, ko wanda katinsa ya fi ƙarfi idan aka baje, shi ke kwashe tulin kuɗin da ke tsakiya.

A nan ne burga ke shigowa. Tun da ba mai ganin katin wani, mai raunin hannu zai iya zuba kuɗi masu yawa don ya firgita mai ƙarfin hannu ya janye. Wannan dabara ta ja hankalin masana tun da daɗewa. Shahararren masanin lissafin nan John von Neumann ya yi nazarin burgar 'yan foka, kuma littafin da suka wallafa shi da Oskar Morgenstern a 1944 ya zama tushen wani fanni da har yau ake koyarwa a sassan tattalin arziki na jami'o'i. Don haka duk wanda ya ce foka daidai yake da jefa kwabo sama bai fahimci wasan ba, kuma idan muka tunkari matasanmu da irin wannan magana za su gane ba mu san abin da muke faɗa ba, su daina sauraronmu.

Daga jirgin ruwa zuwa aljihun malami

Wasan ya tashi ne a Amurka a farkon ƙarni na 19, a birnin New Orleans da cikin jiragen ruwan da ke safara a kogin Mississippi, inda da fari ake yin sa da kati 20 kacal. Tun a wancan zamani sunansa ya haɗu da na mazambatan da ke bin jirage suna wanke fatake. A 1843 wani tsohon ɗan caca da ya tuba, Jonathan Green, ya wallafa littafi yana tona asirin dabarunsu. A 1970 wani mai gidan caca a Las Vegas, Benny Binion, ya gayyaci wasu 'yan ƙwararru zuwa gidan cacarsa mai suna Horseshoe, daga nan aka kafa gasar foka ta duniya da ake yi duk shekara. Daga 1972 kuɗin shiga babbar gasar ya zama dala 10,000, abin da ya sa ta daɗe tana hannun masu kuɗi da 'yan caca na sana'a.

Intanet ce ta sauya wannan. A watan Janairun 1998 wani shafi mai suna Planet Poker ya fara raba karta da kuɗin gaske ta kwamfuta. Bayan shekara biyar sai aka yi abin da har yau kamfanonin caca ke cin gajiyarsa. Wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda sunansa na gado ke nufin mai samar da kuɗi, ya shiga wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars da abin da bai kai dala 100 ba, ya ci kujerar shiga babbar gasar Las Vegas ta 2003, ya doke sauran 'yan wasa, ya tafi gida da dala miliyan 2.5. A shekarar mutum 839 ne suka shiga gasar. Zuwa 2006 adadin ya kai 8,773, domin kowane ma'aikaci mai kwamfuta a ɗaki ya ga kansa a madubin wannan akanta.

Labarin da ƙanenmu ya ba ni a gindin darbejiya jikan wannan labari ne. Abin da masu talla ba sa ƙarawa shi ne, a irin waɗannan gasanni kusan mutum ɗaya cikin goma ne, ko ɗan fiye da haka, ke komawa gida da wani abu, kuma duk kuɗin da aka miƙa wa zakara daga aljihun waɗanda suka koma hannu rabbana aka tara su. Ba sa kuma ba da labarin Stu Ungar, wanda masana wasan da yawa ke ɗauka a cikin mafiya hazaƙar da aka taɓa gani. Ya lashe babbar gasar sau uku, a 1980 da 1981 da 1997. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, caca da ƙwaya sun cinye miliyoyin da ya samu. Ƙwarewar da ta ba shi kambu sau uku ba ta iya riƙe masa ko sisi ba.

Mu yi lissafin da kanmu

Tun da mu malamai ne, bari mu ɗauki alli. Dabarar da ƙwararru ke tinƙaho da ita tana tsaye ne a kan kwatanta yiwuwar cin wasa da girman kuɗin da ke tsakiya. A ce kana riƙe da kati biyu iri ɗaya, biyu daga cikin huɗun da aka buɗe su ma irinsu ne, kana jiran na biyar ya cika maka. Ka ga kati shida, saura 46 da ba ka gani ba, kuma 9 daga cikinsu ne za su yi maka amfani. Tara cikin 46 kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Idan za ka biya naira 1,000 don neman tulin naira 6,000, lissafi ya ce ka biya, domin a zagaye biyar za ka yi asarar 4,000 ka ci 6,000. Idan kuwa tulin naira 3,000 ne, ka janye. Wannan ilimi ne na gaske, kuma wanda ya san shi zai fi wanda bai sani ba idan aka daɗe ana bugawa.

Amma a dubi abin da ke ƙunshe a misalin. Mutumin da ya yanke shawara daidai zai faɗi sau huɗu cikin biyar, kuma babu dokar da ta ce nasarar za ta zo a karo na biyar. Tana iya ƙin zuwa sai bayan faɗuwa goma sha biyar a jere. Hannun da ya fi kowane ƙarfi a farkon wasa shi ne kati biyu masu harafin A, yana zuwa wa mutum sau ɗaya cikin rabo 221, kuma ko shi yana faɗuwa kusan sau 15 cikin 100 idan ya kara da abokin hamayya ɗaya har ƙarshe. Wannan ya sa ƙwararrun da kansu ke gargaɗin cewa kada mutum ya zauna a tebur sai yana da jarin da ya ninka kuɗin zama sau da dama, jarin da zai iya rasawa ba tare da tukunyar gidansa ta sauka ba. Ƙwarewa ba ta bayyana sai bayan dubban zagaye, ita kuwa buƙatar gida kullum take zuwa. Malamin da ya zauna da kuɗin cefane zai ƙare tun lissafin bai fara yi masa aiki ba.

Akwai kuma wani hannu a tebur wanda ba a raba masa kati, amma ba ya taɓa faɗuwa. Mai gidan, ko mai shafin, yana cire la'ada daga tulin kuɗin, galibi kusan kashi biyar cikin ɗari, a wasu wuraren har goma, zuwa wani iyaka. Mu ɗauki misali. Mutum shida sun zauna, kowa da naira 10,000, jimla 60,000. A ce matsakaicin tuli naira 2,000 ne, la'adarsa naira 100. Idan aka yi zagaye 60 a awa ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a intanet tun da kwamfuta ba ta ɓata lokacin shirya karta, mai shafin ya kwashi naira 6,000. Cikin awa biyar ya tafi da 30,000, rabin abin da mutum shidan suka zo da shi, alhali su suna can suna ta murna da baƙin ciki a kan ragowar da ke yawo tsakaninsu. Ma'anar wannan ita ce, bai isa mutum ya kai abokan wasansa iyawa ba. Dole ya fi su da tazarar da za ta biya la'ada sannan ta bar riba. Masu irin wannan tazara 'yan tsiraru ne, kuma abincinsu shi ne sauran jama'a. A bakin 'yan wasan, sunan da suke kiran ɗan koyo da shi shi ne kifi.

Da wa kake wasa?

A teburin da ake zama ido da ido, aƙalla mutum yana ganin fuskar wanda ke cin kuɗinsa. A waya kuwa suna kawai yake gani da ɗan hoto. Mai wannan suna yana iya zama ƙwararren da ya buɗe tebura goma a lokaci guda, da manhajar da ke rubuta masa duk halayen abokan wasansa. Yana iya zama mutum biyu ko uku da ke gaya wa juna katinsu ta wata wayar. Yana iya ma zama ba mutum ba ne. A 2017 wata manhaja mai suna Libratus, wadda masana a Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta buga zagaye 120,000 da wasu ƙwararru huɗu na duniya, ta doke su. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida. Manyan shafuka sun haramta amfani da irin waɗannan na'urori kuma suna farautar masu yi, wanda hakan shaida ce cewa ana yi.

Shi kansa mai gidan ba kullum yake da amana ba. A tsakanin 2007 da 2008 aka gano cewa a shafukan Absolute Poker da UltimateBet wasu na cikin gida suna da hanyar ganin katin kowa a kife, suka yi ta kwasar miliyoyin daloli, kuma 'yan wasa ne da kansu suka bankaɗo abin ta hanyar nazarin bayanan wasanni. Sai ranar 15 ga Afrilu, 2011, ranar da 'yan foka ke kira Baƙar Juma'a, lokacin da ma'aikatar shari'ar Amurka ta gurfanar da shugabannin PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, ta kuma ƙwace adireshin shafukansu. Daga baya masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa 'yan wasa suna bin Full Tilt kusan dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa na banki bai wuce kusan miliyan 60 ba. Lambobin da mutane ke gani a allon kwamfuta a matsayin kuɗinsu ba su da ajiya a bayansu. Sai da PokerStars ya sasanta da gwamnatin Amurka a 2012 a kan dala miliyan 731, ya karɓi Full Tilt, sannan aka samu hanyar biyan mutane, wasu bayan shekaru suna jira. Waɗannan 'yan ƙasa mai ƙarfin shari'a ke nan. Malamin firamare da ke ƙaramar hukumarmu, idan wani shafi mai rajista a wani tsibiri ya rufe masa asusu, wace kotu zai dosa?

Abin da dokoki suka ce

Ƙasashen da suka fi mu sanin wasan ba su sakar masa mara ba. A watan Oktoban 2006 Amurka ta yi dokar da ta hana kamfanonin caca karɓar kuɗi ta banki a kan cacar intanet da ba ta halatta ba. A 2013 aka fara foka ta intanet bisa doka a jihohin Nevada da Delaware da New Jersey, amma a ƙarƙashin lasisi da sa ido, kuma ga waɗanda ke cikin iyakar jihar kaɗai. Birtaniya, inda caca ke bisa doka, ta hana yin ta da katin bashi na banki daga watan Afrilun 2020, don kada mutum ya yi caca da kuɗin da ba nasa ba. Indiya, inda aka daɗe ana muhawara a kotuna a kan bambancin wasan ƙwarewa da wasan sa'a, ta yi doka a watan Agustan 2025 da ta haramta wasannin intanet na kuɗi gaba ɗaya, ba tare da kula da wannan bambanci ba.

A nan gida Nijeriya, dokar caca ta ƙasa ta 2005 ce ta kafa hukumar tarayya mai ba da lasisi. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, ta yanke hukuncin cewa Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan caca, sai dai Babban Birnin Tarayya, kuma hurumin na majalisun jihohi ne. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci caca laifi ce, kuma mun ga yadda Hisbah a Kano ke rufe shagunan cacar ƙwallo. Wannan ƙoƙari ne, sai dai shago kawai ake iya sa wa kwaɗo. A da, ɗan caca sai ya tafi bayan kasuwa ko lungun tasha, inda wani zai iya ganinsa ya kai labari gida, kunya kuma ta zame masa shinge. Yau tabarmar cacar tana cikin aljihu, ana shimfiɗa ta a ofishin malamai lokacin tara, ko a kan gado da tsakar dare, kuma manhajar bashi mai kuɗin ruwa tana nan kusa da ita a allon waya ɗaya.

Game da addini, musulmin cikinmu sun san abin da ya zo a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Abin lura shi ne, ayar Baƙara ba ta musanta cewa akwai wani amfani a caca ba, ta dai nuna cewa laifinta ya rinjayi amfanin. Ashe hujjar "akwai masu samu" tsohuwa ce, kuma an daɗe da ba ta amsa. 'Yan uwanmu Kirista su ma suna jin irin wannan gargaɗi a majami'unsu a kan son kuɗi da neman arziki na gaggawa.

Hujjar da ta fi nauyi

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuska: "Malam, kana maganar lissafi, shin albashin ya isa ne?" Bai isa ba. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, kuma kowannenmu ya san kwana nawa wannan ke yi a gida mai mata da 'ya'ya, ya kuma san yadda malaman firamare ke zama na ƙarshe a layi duk lokacin da aka zo aiwatar da ƙari ko biyan ariyas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba na zargin ƙanenmu da lalaci. Mutum ne da ya duba albashinsa ya duba buƙatunsa, ya ga yana da basirar lissafi, ya ce bari ya sa ta aiki.

Amma wannan hujja ce a kan mu ƙara matsa wa hukuma lamba, kuma a nan ne lamarin ya shafi ƙungiya kai tsaye. Malamin da bashin caca ya shaƙe shi ne na farko da zai karaya idan aka shiga yajin aiki, domin ba zai iya jure ko mako biyu ba albashi ba. Shi ne zai karya adashi, ya jefa mutum goma cikin wahala. Shi ne kuɗin jarrabawar yara ko na ƙungiyar iyaye da malamai zai iya salwanta a hannunsa, a kore shi, a kuma shafa wa dukkanmu baƙin fenti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtuka, kuma alamominta sanannu ne: mutum ya kasa dainawa ko da ya yi niyya, ya fifita ta a kan sauran al'amuransa, ya riƙa komawa don ya fanso abin da ya rasa, ya fara ɓoye wa iyalinsa gaskiya. Wanda ya kai wannan mataki tsawa ba ta yi masa magani.

Abin da nake roƙon reshenmu

Na farko, kwamitin jin daɗin malamai ya ware mutum biyu masu riƙon sirri, namiji da mace, waɗanda duk wanda ya faɗa wannan rami, ko matarsa, ko mijinta, zai iya samu ba tare da maganar ta kai ofishin sakataren ilimi ba. Tsoron tonon asiri shi ke sa mutum ya ci gaba da haƙa ramin. Idan abin ya yi tsanani a raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar yadda za a raka mai hawan jini.

Na biyu, ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ta sake duba yadda take ba da rance. Wanda aka san yana cikin wannan hali kada a damƙa masa tsabar kuɗi. A biya mai gidan haya ko makaranta ko asibiti kai tsaye, a tsara masa biya a hankali, da sanin wani babba a danginsa.

Na uku, tun da Kotun Ƙoli ta mayar da hurumin ga jihohi, shugabanninmu su kai wa Majalisar Dokokin Jiha takarda a rubuce. A nemi a taƙaita tallan caca a rediyo da allunan titi da ke kusa da makarantu, a hukunta duk wanda ya bar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ya yi caca, a kuma tattauna da bankuna da kamfanonin tura kuɗi a kan ba mutum damar toshe asusunsa daga biyan shafukan caca.

Na huɗu ya rataya a wuyanmu ne a cikin aji. Darasin yiwuwa, inda muke sa yara su jefa kwabo su ƙirga sau nawa kowace fuska ta fito, yawancinmu mukan yi shi a gurguje a ƙarshen zango. Mu ba shi haƙƙinsa. Yaron da ya gane da hannunsa cewa kwabo ba ya tuna abin da ya fito a jifan baya, kuma faɗuwa biyar a jere ba ta sa nasara ta matso, ya samu rigakafin da zai yi masa amfani ranar da aka tura masa talla a waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma kula kada mu rushe da hannunmu abin da muka gina da baki, domin yara suna ganin abin da ke allon wayar malaminsu.

Ga iyalanmu kuma, musamman matan malamai, ina roƙon a sa ido ba tare da cin fuska ba. Idan maigida ya fara raba dare da waya, albashi ya shigo ya ɓace ba a ga hatsi ba, saƙonnin masu bin bashi suka yawaita, kada a rufe don gudun abin kunya. A samu wanda yake jin nauyinsa a gaya masa tun abin bai kai ga sayar da babur ko fili ba.

Shi kuwa ƙanen namu, da na koma wurinsa ban yi masa wa'azi ba. Na shiga ajinsa bayan an tashi, na rubuta misalin mutum shidan nan a allo, na miƙa masa alli na ce ya fitar mini da la'adar awa biyar. Ya yi lissafin, ya tsaya yana kallon amsar na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, ashe ni ne kifin." Ya goge manhajar a gabana. Ba zan ce magana ta ƙare ba, domin ya shaida mini da bakinsa cewa sau biyu ya sake saukar da ita kafin ya miƙa wa matarsa katin bankinsa. Yanzu yana biyan bashin adashi kaɗan-kaɗan, kuma da izininsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ko makarantarmu ba. Ya ce in gaya muku ba shi kaɗai ba ne a reshen nan, ya san wasu.

Ina fatan za a sa wannan batu a ajandar taronmu na gaba. Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.